Sawun Igiya a Ƙotar Wuƙa

Ranar Alhamis da hantsi, cikin watan Nuwamba na 1974, aka kira Insifekta Yelwa zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta Garwa. Ya tafi yana gunaguni. Shi Yelwa ya fi son a tura shi daji bin sawun ɓarayin shanu da a zaunar da shi gaban takarda, ko da takardar yabonsa ce.

Lauyan gwamnati, Muse Dieudonné, wato Malam Dieudonné a bakin masu Faransanci, ya turo masa wani kundi mai kauri a kan tebur.

"Uba Mahauci, mutumin Pitowa," in ji shi. "Kotun farko ta same shi da laifin fyaɗe, ta ɗaure shi shekara goma. Matarsa ta sa an rubuta masa ɗaukaka ƙara. Ran Litinin za a zauna."

"To ni mene ne nawa a ciki, Muse? Ai an gama shari'a."

"Mu ma mun ɗaukaka ƙara, muna neman a mayar da ɗaurin shekara ashirin. Sai jiya matar da aka yi wa laifin ta zo nan da ƙafarta, ta ce hankalinta bai kwanta da hukuncin ba. Kafin in miƙe in roƙi a ninka wa mutum ɗauri, ina son wani ya sake dubawa. Kwana huɗu gare ka."

Yelwa ya karanta kundin a tsaye. Abin da ke ciki ba shi da yawa, takardun ne kawai suka yi masa ƙiba. Wata Lahadi cikin watan Maris, bayan kasuwar Pitowa ta watse da la'asar, wata malamar ɗinki mai suna Albertine ta kama hanyar ƙauyensu ta cikin gonakin auduga. Wani ya biyo ta ta baya, ya rufa mata buhu a kai, ya yi mata aika-aika. Ba ta ga fuskarsa ba. Abin da ta iya faɗa shi ne ta cije shi a hannu.

Ran Laraba wani dillalin shanu, Lukmanu, ya ce ya tsinci wuƙa a wurin da abin ya faru. Wuƙar ta Uba ce, kowa ya san ta. Jandarmomi, 'yan sandan karkara, suka je suka iske Uba da hannu ɗaure da tsumma. Da aka tambaye shi wuƙar, ya ce ta ɓace masa wata guda da ya wuce. Sai mahauta uku suka rantse sun gan ta a hannunsa da safiyar Lahadin nan. Shi ke nan aka rufe magana.

"Wuƙa, rauni, da ƙarya," in ji Yelwa. "Ko ni ne alƙalin, ɗaure shi zan yi."

Duk da haka ya ce a nuna masa wuƙar.

Magatakarda ya fito da ita daga ɗakin kayan shaida. Doguwar wuƙar fiɗa ce, an lulluɓe ƙotarta da fata mai jan gashi, ta bushe ƙayau kamar itace. An ɗaura mata igiyar rama mai ɗauke da 'yar takardar lamba, ranar da aka karɓe ta.

Yelwa ya so ya juya takardar ya karanta bayanta, igiyar ta ƙi motsi. Ya sa farce ya ɗaga ta. A ƙarƙashinta akwai wani rami siriri da ya kewaye ƙotar, har zanen tufkar igiyar ya fito a jikin fatar raɗau.

Ya daɗe yana kallon ramin nan.

A nan fa sai in tona masa asiri. Yelwa ɗan baduku ne. Cikin warin fata ya tashi, kuma tun da ya sa kakin gwamnati ya koyi Faransanci bai taɓa ambata wannan a ofis ba. Amma hannunsa bai manta abin da bakinsa ke ɓoyewa ba. Busasshiyar fata ba ta karɓar sawun igiya, ko ƙato ne ya ɗaure ta.

"Zan ari wannan," ya ce wa magatakarda. "Rubuta sunana."

Daga can ya zarce gidan kurkuku. Aka fito masa da Uba, dogon mutum da wata takwas suka zabge. Ya durƙusa tun daga bakin ƙofa.

"Tashi ka zauna. Wannan wuƙarka ce?"

"Tawa ce, ranka ya daɗe."

"Ta ɓace wata guda kafin abin ya faru?"

Uba ya dubi ƙasa.

"Uba, ran Litinin ana so a mayar da goma ta zama ashirin. In ka sake yi mini ƙarya, ni da kaina zan taya su."

"Ƙarya na yi, ranka ya daɗe. Da na ga jandarmomi sun zo da ita, suka ce a wurin aka same ta, sai tsoro ya kama ni. Na ce in nisanta kaina da ita. Ashe kabarina na haƙa."

"Yaushe ta bar hannunka?"

"Ran Laraba da safe na neme ta a rumfa, babu."

"Mu ga hannun."

Uba ya buɗe tafin hannunsa na dama. Tabo ne miƙaƙƙe, daga gindin babban yatsa zuwa tsakiya.

"Ƙotar ce ta tsage ran Lahadi da safe ina sara ƙashi, ƙarfen ya yanke ni. Ran Talata na samu wutsiyar wani jan sa, na saɓule fatar, na zura wa ƙotar tana ɗanya. Haka muke yi, in ta bushe sai ta matse icen. Na soke ta a jinkar rumfa ta sha iska."

"Ka faɗa wa alƙali wannan?"

"Ba wanda ya tambaye ni ƙota, ranka ya daɗe. Tambaya ɗaya ce, taka ce ko ba taka ba ce. Kuma wanda aka riga aka kama da ƙarya, wa zai saurare shi?"

Yelwa ya ɗauki wuƙar. Ya miƙe. A bakin ƙofa Uba ya ce, "In ka je Pitowa, don Allah ka gaya wa matata Safiyatu ina cin abinci." Ƙarya ta biyu ke nan, amma wannan Yelwa ya yafe masa.

Da azahar yana Pitowa a kan babur ɗinsa na aiki. Ya iske Sarkin Fawa, wani tsoho mai suna Mahamman, a zaune bisa buzu yana wasa wuƙa. Suka gaisa da Fillanci kamar yadda aka saba a kasuwa, sannan suka koma Hausa.

Tsohon ya karɓi wuƙar, ya juya ta, ya shafa ramin da ɗan yatsa.

"Wanda ya ɗaura igiyar nan, fatar tana ɗanya ya ɗaura."

"In wuƙar ta kwana uku a fili, Baba, cikin ranar watan Maris?"

Sarkin Fawa ya yi dariya har da tari. "Ɗana, ranar bazara ta Pitowa? Yini ɗaya ya ishe ta. Kwana uku kuwa, ko da haƙori ba ka shiga ta."

"Kana cikin waɗanda suka ce sun ga wuƙar a hannunsa ran Lahadi."

"Na gani, kuma gaskiya na faɗa."

"Da wannan fatar a jiki?"

Tsohon ya sake duban ƙotar.

"Babu fata," ya ce a hankali. "Ice ne tsirara. A gabana ta tsage ta yanke shi, ni na ba shi tsumman. Innalillahi. Wata takwas yaron nan yana ɗaure da shaidata, ban taɓa haɗa wannan da wancan ba."

"Ba kai kaɗai ba, Baba. Mu da ake biya don mu haɗa ma ba mu haɗa ba. Yanzu ina son taimako. Akwai wutsiyar sa?"

Akwai. Nan take Sarkin Fawa ya saɓule fatar, ya zura ta a wani guntun ice, suka jefa shi kan rufin kwano inda rana ke duka. Suka yi da shi ran Lahadi da yamma zai yi wani irinsa, ya ajiye a inuwa.

"Tambaya ta ƙarshe. Wa ke zama a rumfar Uba?"

"Kowa na zama. Amma mai kujera, wanda ba ya fashi, Lukmanu ne. Kullum da hantsi sai ya zo ya ci balangu. Aminai ne." Tsohon ya ɗago kai ya dubi Yelwa. "Shi ya tsinci wuƙar, ko?"

"Ban ce komai ba, Baba. Kai ma kada ka ce."

Washegari bayan sallar Juma'a ya nemi Albertine. Ta bar ƙauyensu, ta kama ɗaki a bayan gidan gurzar auduga, keken ɗinkinta a ƙofa. Mace ce 'yar shekara ashirin da bakwai, ba ta da yawan magana. Yelwa ya cire hularsa, ya ƙi shiga, ya zauna a kan benci a waje inda maƙwabta ke ganinsu.

"Madam, ki yi haƙuri zan tayar miki da abin da kike so ki manta."

"Ba na so in manta, Muse Insifekta. So nake a yi daidai."

"Me ya hana hankalinki kwanciya?"

"A kotu sun sa ya ɗaga hannu, na ga rauni a tafinsa. Ni ba tafi na ciza ba."

"Ina kika ciza?"

Ta nuna damtsen hannunta na hagu, ɗan sama da gwiwar hannu. "Nan. Da ya shaƙe ni ta baya, bakina ya fito ta ƙasan buhun. Na kama shi ban saki ba sai da na ji jini. Har haƙorina ya girgiɗe."

"Kin faɗa musu?"

"Na fara faɗa. Aka ce na sha wahala, in zauna in huta, an riga an kama shi. Kowa tausayina yake ji, ba mai saurarena." Ta gyara zaren kekenta. "Kullum Lahadi ina ganin matarsa a kasuwa tana sayar da ƙuli-ƙuli da goyo a baya. Ba ta taɓa harara ta ba, gaishe ni take yi. Wannan gaisuwar ce ta hana ni barci. Kuma in ba shi ba ne, Muse, to wanda ya yi yana nan yana yawo, wataƙila ma ina yi masa ɗinki."

Yelwa ya ji kunya ta rufe shi, kunyar kakin da ke jikinsa. Ya tambaye ta ko za ta iya zuwa kotu ran Litinin.

"Ko ba a kira ni ba zan zo," in ji ta.

Ran Lahadi kasuwar Pitowa ta cika ta batse. Yelwa ya ratsa zuwa karar shanu. Ba a sha wuyar nuna masa Lukmanu ba. Kakkauran mutum ne mai fara'a, yana ta ciniki da Fillanci. Sauran dillalai duk sun naɗe hannun riga har kafaɗa saboda kama shanu. Shi kaɗai ne da rigar ciki mai dogon hannu, a ɓalle har wuyan hannu, gumi na tsiyaya.

"Kai ka tsinci wuƙar Uba?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Wallahi ban so ba, aminina ne. Amma gaskiya ɗaya ce."

"Me ya kai ka gonar?"

"Wata karsana ce ta tsinke mini, na bi sawunta."

"Ka same ta?"

"Wa?"

"Karsanar."

"E... daga baya ta dawo da kanta."

"Yaya ka iske wuƙar?"

"A fili take, a kan kunya, rana na dukanta. Da gani ka san ta kwana uku a wurin, har ƙura ta hau ta. Da na ɗauka sai da ta ƙona mini hannu."

"Ba ka wanke ta ba? Ba ka sa ta a ruwa ba?"

"Haba, ranka ya daɗe, kayan shaida? Yadda na ɗauka haka na miƙa wa hukuma, ko sa'a guda ba a yi ba."

"Madalla. Gobe ka zo kotu ka maimaita wa alƙalai haka. Da bakinka za a ƙara masa shekara goma."

Lukmanu ya girgiza kai kamar mai baƙin ciki, ya ce Allah ya kai mu. Yelwa ya juya ya tafi, amma ya bar ɗan sanda guda cikin farin kaya ya kwana a tashar mota, don ba a san inda karsana za ta sake tsinkewa ba.

Litinin da ƙarfe tara alƙalai uku suka zauna. An kawo Uba da ankwa, an zaunar da shi gefe. Safiyatu tana can baya da goyonta. Albertine ta zauna a layin gaba, ta ɗora jakarta a cinya.

Muse Dieudonné ya miƙe ya ce kafin ya nemi komai, yana roƙon kotu ta sake sauraren wanda ya tsinci wuƙa. Lukmanu ya fito, ya rantse, ya maimaita maganarsa ta jiya ba ragi, tafinta yana juyawa da Faransanci. A fili, cikin rana, kwana uku.

Sai aka kira Yelwa. Ya zo da ƙunshi a hammata, ya kwance a gaban alƙalai. Guntayen ice biyu ne sanye da fatar wutsiya, da igiyar rama.

Babban alƙalin ya dube shi ta saman tabarau. "Insifekta, nan kotu ce ko majema?"

"Minti biyar, ranka ya daɗe. Ubana baduku ne, a hannunsa na koyi abin da zan nuna."

Karo na farko ke nan da ya faɗi haka cikin kaki, kuma rufin kotun bai faɗo ba.

Ya miƙa wa magatakarda icen farko. "Wannan ya kwana uku a rana, ranar Nuwamba ma, wadda ba ta kai ta Maris ba. Ɗaure shi da ƙarfinka." Magatakarda ya ɗaure har jijiyar wuyansa ta tashi. Aka kwance, ko alama babu.

Ya miƙa masa na biyu. "Wannan jiya da yamma aka sa masa fata, ya kwana a inuwa." Aka ɗaure, aka kwance, sai ga rami ya kewaye shi.

Yelwa ya ɗaga wuƙar, ya ture igiyar lambarta gefe, ya ajiye ta kusa da ice na biyu. Alƙalan uku suka sunkuyo tare.

"Ran Laraba aka ɗaura igiyar nan, fatar tana ɗanya. Sarkin Fawa yana waje, zai shaida ran Lahadi ƙotar ba ta da fata, kuma a gabansa ta yanki Uba. Ran Talata aka sa fatar, kwana biyu bayan laifin. Wuƙar nan ba ta kwana a gona ba. Daga jinkar rumfar Uba aka zare ta, aka kai ta wurin hukuma."

Babban alƙalin ya juya wajen Lukmanu.

"Me za ka ce?"

"Wataƙila raɓa ce ta jiƙa ta, ranka ya daɗe."

"Raɓa a watan Maris?" in ji Yelwa. "Kai da ta ƙona wa hannu?"

"To... ko wani ne ya yar da ita daga baya, na tsinta."

"Yana yiwuwa. Madam Albertine ta ce ta ciji mutumin a damtsen hagu, sama da gwiwar hannu. Uba, naɗe rigarka."

Uba ya ɗaga hannuwansa da ankwa, wani gandiroba ya naɗe masa. Fata ce kawai a kan ƙashi, ba tabo.

"Saura kai, Lukmanu."

"Ni shaida ne, ba ni ake tuhuma ba!"

"Naɗe," in ji babban alƙalin.

Ya daɗe yana kokawa da maɓallin. Da hannun rigar ya wuce gwiwa, sai ga tabon: layi biyu masu lanƙwasa suna fuskantar juna, kowane haƙori da gurbinsa.

"Sa ne ya..." Ya fara, bai ƙarasa ba. Shi da kansa ya san sa ba shi da haƙoran gaba a sama, kuma rabin mutanen da ke kotun mahauta ne.

Lukmanu ya zube a ƙasa.

"Ni ne," ya ce. "Na ji an ce jandarmomi za su bi rumfa-rumfa suna duba hannun maza. Na ga na Uba a ɗaure, na ga wuƙar a jinka. Sharrin Shaiɗan ne, ranka ya daɗe."

"Shaiɗan ba ya cin balangu a rumfar mutum," in ji Yelwa. Alƙali ya harare shi, amma bai ce a goge maganar ba.

Muse Dieudonné ya miƙe ya ce ya janye roƙonsa, yana neman a soke hukuncin farko. Alƙalan ba su ko shiga ciki ba. Suka haɗa kai na ɗan lokaci, babbansu ya karanta: an soke hukunci, an soke ɗauri, an wanke Uba, a sake shi yau. A tsare Lukmanu.

Tafinta ya juya da Hausa. Uba bai motsa ba, kamar ba da shi ake ba. Sai da Safiyatu ta rangaɗa guɗa daga baya, aka tsawata mata amma ta ƙara wata, sannan ya fashe da kuka.

Ankwa ɗaya ce a kotun ran nan. Yelwa ya karɓi mabuɗi ya kwance ta daga hannun Uba, ya ɗaura wa Lukmanu tun ƙarfen bai huce ba. Lukmanu ya ja hularsa ya rufe fuska, 'yan sanda biyu suka nufi ƙofa da shi.

"Ku tsaya."

Albertine ce. Ta tashi ta tare hanya.

"Muse Insifekta, a cire masa hular. Shi ya rufe mini fuska. Yau ni zan ga tasa."

Yelwa ya zare hular. Ta dube shi, ta ƙare masa kallo tun daga goshi har haɓa, ba ta yi gaggawa ba. Shi kuwa ya rasa inda zai sa idonsa.

"To, na gan ka," ta ce. "Ku tafi da shi."

Aka fita da shi. Ta juyo, sai ta iske Safiyatu tsaye a bayanta, ta miƙo mata hannu biyu. Suka fita tare, Uba yana biye da su a hankali, yana shafa wuyan hannunsa, zuwa tashar motar Pitowa.